Na Buga Littafina da Kaina, Ko Wakili Zai Karɓe Shi?

Tambaya: Assalamu alaikum. Na fitar da ƙagaggen labarina da kaina ta Amazon. Yanzu ina son wakilin marubuta ya kai shi babban kamfanin ɗab'i. Ta ina zan fara? Daga wata mai karatu.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Yana yiwuwa, amma da wuya, gara ki san dalili tun yanzu. Kamfanonin ɗab'i sun fi son littafin da bai taɓa shiga kasuwa ba. Naki ya shiga, don haka abin da wakili zai fara tambaya shi ne kwafi nawa aka saya, a kan nawa, cikin wata nawa. Wanda kika raba kyauta ba a cika sa shi a lissafi ba. In cinikin bai taka kara ya karya ba, sai su ɗauka masu karatu ne suka ƙi littafin, ko da rashin talla ne ya jawo. Wanda aka yi rububinsa suke bi, irin littafin The Martian da Andy Weir ya fara fitarwa da kansa, kamfanin ɗab'i na Crown ya sake bugawa a 2014.

Don Allah kada ki ɓoye cewa ya taɓa fita. Ko kin sauke shi daga Amazon ko kin sauya masa suna, lambar shaidar littafin (ISBN) da shafinsa na Goodreads, dandalin masu karatu a intanet, suna nan, kuma ranar da aka gano, yarda ta tafi. Ki duba ma ko kina cikin tsarin Amazon na KDP Select, domin yana hana sayar da kwafin intanet a wani wuri na kwana 90, kuma wa'adin na sabunta kansa in ba ki dakatar ba.

Shawararmu ita ce ki nemi wakili da sabon littafi, kammalalle, wanda ba ci gaban na farkon ba ne. Wasiƙar da za ki aika wa wakilin ta tsaya a shafi ɗaya: sunan littafin, nau'in labari, adadin kalmomi, taƙaitaccen labarin, sai layi ɗaya kan tsohon littafin. Kowane wakili da ƙa'idarsa, ki karanta kafin ki aika.

Wakilin kirki ba ya karɓar kuɗi don karanta littafi. La'adarsa yawanci kashi 15 cikin 100 ce, kashi 20 a cinikin fassara, kuma sai an sayar yake cira. Wanda ya ce ki fara biya, ki rabu da shi.