Injin Zarto Ya Ƙi Tashi Bayan Ya Daɗe a Ajiye

Ɗan'uwa, ka ce injin zartonka ya yi wata 3 a ajiye da mai a cikinsa, yanzu ka ja igiya har ka gaji, sai warin fetur kawai kake ji.

Wannan warin ya nuna mai ya yi wa injin yawa. Yawan jan igiya alhali cok (abin da ke rage iskar da ke shiga injin) yana rufe ne ke jawo haka. Kwance fulogi, za ka same shi jiƙe. Goge shi ya bushe, ka kashe makunni, ka kifa injin, ka ja igiya sau 10 domin man ya fita. Ka duba tazarar bakin fulogin, a yawancin injinan milimita 0.5 ce. In ya yi baƙi ƙirin ko ya tsage, sake sabo.

Amma ni na fi zargin tsohon man nan. Fetur da aka gauraya da man inji yana fara lalacewa bayan kamar wata guda, ya bar danƙo a ƙananan hanyoyin kafireto. Zubar da shi duka, ka haɗa sabo da man 2T, wato man injin da ake gauraya wa fetur. Injinan kamfanonin Stihl da Husqvarna kashi 50 na fetur da kashi 1 na man 2T suke so. Don Allah kada ka taɓa zuba fetur zalla, zai cinye fistin.

Wanke matatar iska ma. Wajen tayarwa, ajiye shi a ƙasa, sa birkin sarƙa, rufe cok. Da zarar ya yi tari sau ɗaya, buɗe cok ka sake ja. In duk da haka ya ƙi, kafireton na buƙatar wanki wurin makaniki.