Kalmomin dangi a Sikotland: na baki daban, na takarda daban

Wata 'yar'uwa mai aikin kula da tsofaffi a Gilasgo ta rubuto cewa Turancin da ta zo da shi ya ƙi ci. Tsohuwa za ta nuna hoto ta ce "ma guid-dochter an the weans", ita kuma sai dai ta gyaɗa kai. Ta kuma tambaya ko za ta iya rubuta ɗan baffanta a matsayin ɗan'uwa a takardar biza.

Malama, ba gurɓataccen Turanci kike ji ba. Harshen Sikots ne, wanda ya tsiro daga tsohon Turancin arewacin Ingila da ya shiga kudu maso gabashin Sikotland tun wajen ƙarni na 7. "Mither", "faither", "brither" da "dochter" duk daga can suke: uwa, uba, ɗan'uwa namiji, 'ya. Yaro kuwa ya danganta da garin da kike. A Gilasgo da yamma "wean" ne, wato "wee ane" aka haɗe, ɗan ƙarami. A Edinbara da gabas "bairn" ake cewa, daga tsohuwar kalma "bearn", abin da aka haifa. A Abadin yaro "loon" ne, yarinya "quine".

Wadda ta fi ruɗa baƙo ita ce "guid", wato "good" ta Turanci. Ba yabon hali ba ne, surukuta ce. "Guid-dochter" matar ɗa, "guid-mither" uwar miji ko ta mata, "guid-brither" wa ko ƙanin miji ko na mata. Masana na ganin kwaikwayon Faransanci ne, inda suruka take "belle-mère", kyakkyawar uwa, kuma Sikotland da Faransa sun ƙulla ƙawance tun a 1295. Don haka tsohuwa na iya cewa "guid-dochter" tana harararta. Akwai "oe", jika, daga "ogha" na harshen Gelik, amma sai bakin tsofaffi can. Su ma a da suna da kawu: "eme" asalinsa ɗan'uwan uwa ne, kafin "uncle" ta Faransanci ta haɗe kawu da baffa wuri guda.

Batun takarda, a nan ake tuntuɓe. A gida ɗan baffa yaya ne, babu mai tambaya. A fom ɗin ofishin shige da fice na Birtaniya "brother" wanda kuka haɗa uwa ko uba ne. Ɗan baffa, ɗan kawu, ɗan gwaggo duk "cousin" za ki rubuta. Idan kin sa "brother", takardar haihuwarsa ta nuna wasu iyaye daban, jami'i na iya ɗaukarsa yaudara, kuma hakan kan jawo haramcin shiga har na shekara 10. Haka ɗan riƙo: kada ki rubuta shi ɗanki, riƙon gida ba ya mayar da shi ɗa a dokarsu. Ki ɗauko takardun haihuwar ku biyu, ki duba sunayen iyaye da yadda aka rubuta su harafi da harafi, don Muhammadu a wannan, Mamman a waccan, ya isa ya tsayar da fayil.

In kuma Allah ya kawo naki "wean" ɗin, kwana 21 ake bayarwa don rajistar haihuwa a Sikotland, ba 42 irin na Ingila ba. Suna ran bakwai ne, sai ki nemi ranar ganin magatakarda a makon da ke biye.