Sai da madubin ilektiron ake gane daji a ruwan ƙirji?

Ɗan'uwa, ka ce an zuƙo ruwa daga ƙirjin Baba, kana tambaya ko sai madubin ilektiron (na'urar duba ƙananan abubuwa da ta fi madubin asibiti na kullum ƙarfi) zai nuna ciwon daji. Allah ya ba shi lafiya.

Ba da madubin ilektiron ake farawa ba. Ana tace ƙwayoyin ruwan, a rina su, a duba da madubin asibiti na kullum. Na ilektiron sai an kasa bambance mesoteliyoma (dajin tantanin da ya lulluɓe huhu) da adinokasinoma (dajin ƙwayoyin da ke fitar da majina ko wani ruwan jiki): gashin jikin ƙwayar farko dogo ne siriri, na biyun gajere. Yanzu ma rini na musamman ya karɓe yawancin aikin.

Kada ku saki jiki don gwajin farko bai nuna komai ba, sau da yawa sai an sake zuƙowa. Kafin a sake zuƙowa, ku tambayi likitan gwaje-gwaje ko za a buƙaci madubin ilektiron, don ruwan adana samfurin ilektiron daban ne.