Na Gaji Akwatin Faya-fayan Jaz, Ta Ina Zan Fara?

Tambaya: Assalamu alaikum. Mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, ya bar wani akwatin ƙarfe cike da faya-fayan garmaho. Akwai masu nauyi kamar farantin tangaran, na ga an rubuta Benny Goodman, Artie Shaw da Johnny Dodds a jikinsu, akwai kuma manya marasa nauyi. Na ɗora ɗaya daga masu nauyin a kan sabuwar na'urar da na saya, sai "shuuu" kawai nake ji, busar tana can ƙasa-ƙasa. Sun lalace ne? Kuma suna da wata daraja?

Amsa: Wa alaikumus salam. Allah ya jiƙan Baba, ya kai haske kabarinsa. Ɗan'uwa, ka dakata da ɗora su tukuna, domin ina kyautata zaton faya-fayan lafiyarsu ƙalau, allurarka ce ba tasu ba.

Masu nauyin nan su ake kira 78, saboda sau 78 suke juyawa a minti ɗaya. Da shelak aka yi su, wani ƙaro da ƙwaro ke fitarwa a jikin itatuwa a Indiya da maƙwabtanta, aka gauraya shi da garin dutse. Layin da aka tsaga a jikinsu yana da faɗi, allurar da ta dace da shi ta kusan ninka ta faifan roba, wato manyan marasa nauyin nan, sau huɗu a kauri. In ka sa siririyar, sai ta nutse har gindin layin, inda babu komai sai daɗɗen datti da ƙaiƙayi, ta bar gefen da kiɗan yake. Wannan shi ne "shuuu" ɗin da kake ji. Ka nemi allurar 78, ka kuma duba ko na'urar tana da gudun 78, don da yawa daga na yanzu 33 da 45 kaɗai suke yi. Tsohon garmahon da ake wanawa da hannu kuwa, in har akwai shi a gida, yana da daɗin kallo, amma hannunsa nauyi gare shi, kuma allurarsa ta ƙarfe sau ɗaya ake amfani da ita a kowane gefe a jefar. Ni faifan da nake ji da shi ba na kai shi can.

Wajen wanki nan mutane suka fi yin ɓarna. Kada sifirit ko sanitaiza su kusanci shelak, narkar da shi suke yi. Ruwa mai tsabta da ɗigon sabulun wanke-wanke da burushi mai laushi sun isa, ka bi layin a zagaye, kada takardar tsakiya ta jiƙe, ka bar shi ya bushe sarai. Ka jera su a tsaye, kowanne cikin rigarsa ta takarda. Akwatin ƙarfe a ɗaki mai rufin kwano lokacin bazara yana lanƙwasa na roba, ƙurar hunturu kuma tana cin duka biyun.

Batun kuɗi kuwa, gara in faɗa maka tun yanzu: Goodman da Shaw sun yi kasuwa ƙwarai a shekarun 1930 da 1940, an buga faya-fayansu birjik, don haka ba su da tsada a wurin masu tarawa. Kuma waɗanda suka iso ƙasar nan galibi bugun Ingila ne. In ka ga hoton kare yana leƙen bakin garmaho da sunan His Master's Voice, to kiɗan kamfanin Victor na Amurka ne aka sake bugawa a can. Haka kamfanin Parlophone na Ingila ya riƙa yi wa kayan kamfanin OKeh na Amurka. Waɗanda ake kokawa a kansu su ne bugun farko na ƙananan kamfanoni irin su Gennett da Paramount na shekarun 1920. Ka karkata faifan wajen haske, kusa da takardar tsakiya za ka ga wata lamba da aka tsaga a jikinsa. Ita ce lambar uwar faifan, da ita ake gane ranar da aka ɗauki kiɗan da kuma ɗauka ta nawa ce. Masu saye kuma suna auna lafiyar faifai da haruffa: E mai kyau sosai, V ya sha juyi amma yana jiyuwa, G ya jigata.

Amma abin da ke cikin akwatin nan ya wuce a tsaya ciniki. Mutum ukun da ka lissafa makaɗan jaz ne na Amurka, kuma duk kilarinet suke busawa, wato doguwar baƙar sarewar katako mai maɓallan ƙarfe da harshen kara ɗaya a baki. Ka fara da Johnny Dodds. Mutumin New Orleans ne, shi ne mai kilarinet na ƙungiyar King Oliver da ta ɗauki faifai a 1923 a ɗakin Gennett da ke garin Richmond na jihar Indiana, ɗakin da ke dab da layin dogo har sai an tsayar da aiki in jirgi zai wuce. A lokacin babu makirfo, sai a 1925 ya shigo harkar. Makaɗa sukan taru ne gaban wani babban mazurari, ƙarfin sautinsu ke girgiza allurar da ke tsaga kaki. Ganga da manyan kayan kiɗa masu kauri sukan ɓace, kilarinet kuwa tsininta ya sa take ratsowa tar. Ka kasa kunne ka ji yadda masu ƙaho ke riƙe da jigon waƙar, shi kuma Dodds yana hawa yana sauka ta samansu kamar mai saƙa yana wurga ƙoshiya. Busarsa akwai kaushi da rawar murya, kamar mai kuka yana dannewa. Daga 1925 kuma za ka same shi a faya-fayan Hot Five, ƙungiyar shahararren mai busa ƙaho Louis Armstrong.

Sai ka ɗora Goodman a bayansa, nan take za ka ji tazarar. Shi busarsa a goge take, ga sauri, ba ya tuntuɓe. Shaw ya fi shi son can ƙololuwa, sautinsa da zaƙi kamar an shafa masa mai. Ni dai Dodds ne nawa, duk da na san wasu za su ce Goodman ya fi shi iya yatsu, kuma ba su yi ƙarya ba. Ka lura kuma kowane gefe na faifai mai inci 10 minti uku ne da 'yan kai, shi ya sa mai busa ba shi da lokacin kame-kame, a cikin daƙiƙa talatin zai faɗi abin da ya zo da shi ya ba wani wuri.

Manyan marasa nauyin su ne LP, waɗanda Columbia ya fito da su a 1948, allurarka ta yanzu tasu ce. Ka duba ko akwai wasan da Goodman ya yi a zauren Carnegie na New York ranar 16 ga Janairu 1938, wanda bai fito a faifai ba sai 1950. In kuma ka ci karo da sunan Barney Bigard, wani mai kilarinet da ya daɗe a ƙungiyar makaɗi Duke Ellington, ka ware shi gefe. Yana cikin tawagar Armstrong da ta zo Najeriya a 1960, wa ya sani ko Baba ya gan shi ido da ido.

Idan allurar ta iso, ka wanke na Dodds ɗin tun da yamma, ka bari sai dare ya yi unguwa ta yi tsit sannan ka ɗora.