Me ya haɗa Indira Gandhi da mabiya Sikh har masu gadinta suka harbe ta?

Tambaya: Salam Malam, na ji ana cewa masu gadin Indira Gandhi, firaministar Indiya a lokacin, ne suka kashe ta don ta tura soja wurin ibadarsu. To in 'yan bindiga ne suka ɓuya a ciki, ina laifin gwamnati don ta fitar da su? Kuma daga baya me ya faru?

Amsa: Wa'alaikumus salam ɗan'uwa. Abin da ka ji gaskiya ne, kuma ba na musu cewa sai an fitar da su, inda nake ganin laifin gwamnati shi ne yadda aka yi da ranar da aka zaɓa.

Sikh ɗin nan su ne masu rawani da gemu da muke gani a finafinan Indiya har wasu na zaton Musulmi ne, alhali addininsu daban, cibiyarsu jihar Punjab, wurinsu mafi tsarki kuma Harmandir Sahib da ke Amritsar, wanda ake kira Haikalin Zinare. Asalin rigimar ma siyasa ce, jam'iyyarsu Akali Dal tun 1973 take neman ƙarin iko ga jihar, daga baya aka ƙara da batun a bar musu birnin Chandigarh da rabon ruwan koguna, ka san manoma ne. Delhi ta yi ta jan ƙafa. Ana cikin haka wani mai wa'azi Jarnail Singh Bhindranwale ya taso, kuma 'yan jarida da masana da yawa sun rubuta cewa 'yan jam'iyyar Congress ta Indira ne suka ɗaure masa gindi da farko don ya rage wa Akali ƙarfi, sai ya fi ƙarfinsu. Aka fara kashe-kashe, a Afrilun 1983 aka harbe babban ɗan sanda A.S. Atwal a ƙofar haikalin, a Disamba kuma Bhindranwale ya tare a Akal Takht, ginin da shugabancin addinin yake, da yaransa da makamai. Wanda ya tsara masa kariyar wurin Shabeg Singh ne, tsohon Manjo Janar da ya yi suna a yaƙin Indiya da Pakistan na 1971, wato ba da 'yan koyo za a kara ba.

Toh a farkon Yunin 1984 aka ƙaddamar da farmakin soja da aka sa wa suna Blue Star, aka rufe Punjab gaba ɗaya, dokar hana fita, aka kori 'yan jarida. Abin da har yau yake min ciwo shi ne ranar 3 ga Yuni ranar tunawa da shahadar Guru Arjan, ɗaya daga cikin jagororin addininsu, ce, haikalin cike da masu ziyara, mata da yara da tsofaffi, kuma dokar ta rutsa da su a ciki. Daren 5 ga wata sojoji ƙarƙashin Manjo Janar Kuldip Singh Brar, shi ma Sikh ne, suka kutsa da zaton aikin 'yan awoyi ne, suka tarar da ruwan harsashi ta kowace kafa, da abin ya gagara sai aka shigo da tankoki aka yi wa Akal Takht luguden wuta. Bhindranwale ya mutu, Shabeg Singh ya mutu, ɗakin karatun da ke ajiye da tsofaffin rubuce-rubucen addinin ya ƙone. Gwamnati ta ce soja 83 da wasu mutum 493 ne suka mutu, Sikh kuwa suna cewa dubbai ne.

Ka ga Sikh ɗin da bai taɓa son Bhindranwale ba, har wanda ke tsoronsa, ranar nan ya ji an taɓa masa addini. Sojoji Sikh suka yi bore a barikoki, a Ramgarh har suka kashe kwamandansu, ɗan majalisa Amarinder Singh, wanda shi ma Sikh ne, ya ajiye kujerarsa ya fice daga Congress. Ranar 31 ga Oktoba 1984 masu gadinta Sikh biyu, Beant Singh da Satwant Singh, suka harbe Indira a gidanta. Abin da ya biyo baya wallahi ya fi muni, kwana uku ana farautar Sikh a Delhi ana ƙona su da ransu 'yan sanda na kallo, lissafin hukuma kansa mutum 2,733 a Delhi kaɗai, kuma shaidu sun nuna 'yan siyasar Congress a gaban masu tarzomar. Ɗanta Rajiv Gandhi da ya gaje ta ya fito ya ce idan babbar bishiya ta faɗi dole ƙasa ta girgiza, a Disamba jam'iyyarsa ta lashe kujeru sama da 400.

Daga nan ne neman ɓallewa don kafa ƙasar Sikh mai suna Khalistan, wanda a da na 'yan tsiraru ne, ya zama tawaye na gaske. A Yunin 1985 bam ɗin masu neman Khalistan ya tarwatsa jirgin Air India da ya taso daga Kanada, mutum 329 suka mutu. Rajiv ya yi sulhu da shugaban Akali, Harchand Singh Longowal, a Yuli, ba a yi wata ɗaya ba 'yan bindiga suka kashe Longowal, Chandigarh ɗin da aka yi alƙawarin miƙawa a Janairun 1986 kuwa har yau shiru. Janar Vaidya da ya shugabanci soja lokacin farmakin shi ma an bi shi Pune an harbe shi a 1986.

Hujjata cewa akwai wata hanyar ita ce 1988. 'Yan bindiga sun sake shiga haikalin, wannan karon aka yi musu ƙawanya kusan kwana goma da gwanayen harbi, aka bar 'yan jarida suna gani, ba tanka ko ɗaya, wajen mutum 200 suka fito hannu sama, jama'a kuma suka ga yadda masu iƙirarin kare addini suka ƙazantar da wurin. Wannan ya rage musu farin jini fiye da duk abin da aka yi a 1984.

An murƙushe tawayen wajajen 1993 a hannun 'yan sandan Punjab ƙarƙashin shugabansu K.P.S. Gill, amma da ɓatar da samari ba shari'a, mai kare haƙƙin ɗan Adam Jaswant Singh Khalra da ya tono yadda ake ƙona gawarwaki a ɓoye shi ma 'yan sanda suka ɗauke shi a 1995 suka kashe. Sai 2005 firaminista Manmohan Singh ya nemi afuwa a majalisa kan kisan Delhi, sai 2018 aka yanke wa ɗan siyasar Congress Sajjan Kumar ɗaurin rai da rai kan kisan, bayan shekara 34. Yau yawancin mutanen Punjab ba ruwansu da ɓallewa, maganar ta fi zafi a Kanada da Ingila, amma ciwon na nan, domin a zaɓen 2024 mutanen Faridkot da ke Punjab ɗan Beant Singh ɗin nan da ya harbi Indira suka tura majalisar tarayya.