Kafin Alƙalamin Sayen Gida a Toronto: Nawa Ake Buƙata?

Tambaya: Ina zaune a yankin Toronto da ke Kanada. Na ga gida na dala 700,000, kuma an ce mini kashi 5 cikin 100 ya isa kafin alƙalami. Na tara dala 36,000. Banki zai ba ni bashin sauran?

Amsa: Malam, wanda ya ce maka kashi 5 ya faɗi rabin magana ne. A Kanada kashi 5 ɗin yana kan dala 500,000 ta farko kawai. Abin da ya haura wannan, kashi 10 ake ɗauka, idan kuma gida ya kai dala miliyan 1.5, sai kashi 20 na kuɗinsa gaba ɗaya. Kafin 15 ga Disamban 2024 iyakar tana kan dala miliyan 1 ne, aka ɗaga ta.

To ga lissafinka: 25,000 a kan 500,000 ta farko, sai 20,000 a kan ragowar 200,000. Jimla 45,000. Ka ga akwai giɓin 9,000 tun ba a je ko'ina ba.

Abin da mutane suka fi mantawa shi ne inshora. Duk wanda kafin alƙalaminsa bai kai kashi 20 ba, dole ya yi wa bashin inshora, ko ta CMHC, hukumar gidaje ta gwamnatin Kanada, ko ta kamfanin Sagen, ko ta kamfanin Canada Guaranty. Banki take karewa, amma kai za ka biya. Mai kashi 5 zuwa ƙasa da 10 yana biyan kashi 4 na bashin, wato dala 26,200 a kan 655,000. Ana ɗora ta a kan bashin, ta riƙa haihuwar ruwa tare da shi tsawon shekaru. Amma harajin kashi 8 da lardin Ontario, inda Toronto take, ke karɓa a kan inshorar, kusan dala 2,100, hannu da hannu ake biyansa ranar kammala ciniki. Ga harajin sauya mallakar gida, wanda a cikin birnin Toronto sau biyu ake biya, na lardi da na birni, ga kuɗin lauya. Yawanci banki zai so ya ga kana da ƙarin kashi 1.5 na farashin gida a ajiye don waɗannan, dala 10,500 ke nan.

A ganinmu, ka dakata ka cike giɓin. Idan gidan farko ne, buɗe asusun FHSA, wato asusun ajiya na masu sayen gidan farko: za ka iya zuba dala 8,000 a shekara, 40,000 iyaka gaba ɗaya, ba haraji idan ka cire don sayen gidan.

Tambaya: 'Yan'uwana za su turo mini gudummawa daga waje. Akwai matsala?

Amsa: Babu, Hajiya, in dai akwai takarda. Banki yana duba bayanan asusu na kwana 90 da suka wuce, kuma kuɗi masu yawa da suka faɗo ba bayani suna iya tsayar da komai ana dab da sa hannu. Ki nemi wasiƙar da ke cewa kyauta ce, ba rance ba, daga dangi na kusa kamar iyaye ko wa ko ya, ki adana shaidar turo kuɗin, kuma a turo su da wuri domin su kwana a asusunki kafin ki je banki.