Kan batun nonon raƙumi da ka tambaye ni

Ɗana,

Saƙonka ya iso tun shekaranjiya. Ka ce za ka raka abokinka ƙauyensu can wajen Tanut, an gaya maka da nonon raƙumi ɗanye suke tarbar baƙo, ku kuma a makaranta an ce muku raƙumi na ɗauke da wata korona. Kana son ka san ko ƙin sha raini ne, kuma ko da gaske al'ada ta hana a tafasa shi.

Ƙin karɓar ƙwarya raini ne, wannan kam babu ja. Kakanka, Allah Ya jiƙansa, ya daɗe yana sarin gishirin Bilma a hannun Buzaye, ina yaro nakan bi shi masauƙinsu. Mutumin daji ba shi da abin da ya fi taguwarsa. In ya tatso ya miƙo maka, dukiyarsa ya miƙo, don haka da hannun dama ake karɓa, a yi godiya. Amma a duk zaman da na yi da su ban taɓa jin dattijo ya ce abin kunya ne a ɗora nono a wuta ba. Ba sa tafasawa ne don itace na wuya a hamada, nonon kuma daga hantsa sai ciki. Zancen cewa wuta na kashe maganin da ke cikinsa, a bakin masu sayar da shi a gora a birni na fi jin sa.

Malamanku kuwa ba su yi ƙarya ba. Korona dangi ne babba: akwai ta kaji da aka sani tun shekarun 1930, akwai masu sa mura kawai, akwai wadda ta kulle mu a gida a 2020 har aka hana maniyyatan waje zuwa Hajji. Ta raƙumi ita ake kira MERS. A 2012 aka fara gano ta, a jikin wani mara lafiya a Jidda, kuma kusan kashi 35 cikin 100 na waɗanda aka tabbatar sun kamu ba su tashi ba. A 2015 matafiyi guda ya kai ta Koriya ta Kudu, ta bi asibitoci ta kama mutum 186, 38 suka rasu.

Abin da ya sa makiyayi zai yi maka dariya shi ne raƙumin ba ya kwanciya. Ɗan majina ce, galibi a jikin ƙanana, kwana kaɗan ta wuce. Ga shi an daɗe ana tare: jinin raƙuman Sudan da Somaliya da aka adana tun shekarun 1980 ya nuna alamarta, a 2015 ma an same ta a raƙuman abbatuwar Kano. Duk da haka ba ta taɓa ɓarkewa a ƙasarmu kamar yadda ta yi a Saudiyya ba, kada ka tafi da tsoron da ya wuce kima. Sai dai ka lura da yadda ake tatsa. Ɗan taguwa ake fara saki ya tsotsa don nono ya sauko, sannan a janye shi a tara ƙwarya. Yawunsa da majinarsa suna nan a kan hantsar. Shi ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a guji ɗanyen nonon da fitsarin da naman da bai dahu ba, musamman masu ciwon suga, ƙoda ko huhu. Kai kuma ka san asmar da ka gada wajen mahaifiyarka.

Wani zai kawo maka hadisin mutanen Uraina da aka umarta su sha nonon raƙuma da fitsarinsu. Kada ka yi musu, ba fagenka ba ne. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, shi ne kuma ya hana mai raƙuma marasa lafiya ya gwama su da masu lafiya a mashaya, kuma makiyaya na ware dabba mai tari tun kafin a haifi likitocin nan.

Ga dabara. Tun a mota ka gaya wa abokinka cikinka bai saba ba, ya rigaye ka sanar da mahaifiyarsa. Wannan uzuri ba ya ɓata wa kowa rai, don su ma sun san nonon raƙumi kan sa baƙo gudawa a shan farko. In an kawo tafasasshe, ka shanye tas ka yaba. In ɗanyen ya riske ka a gaban dattawa, ka karɓa, ka gode, ka faɗi uzurinka da bakinka, ka miƙa wa abokinka. Kada ka je kana shafa hancin 'yan taguwa don hoto, in ka taɓa su ka wanke hannu da sabulu.

Ka tafi musu da goro da ganyen shayi da sukari. In ka ga kantun Bilma a kasuwar Tanut, ka taho mini da ɗaya, rabona da ganinsa tun kakanka na da rai. Ka gaida mahaifiyarka.

Kawunka